Haladu Mai Tsage Gefe Guda

Darnin kara ne kawai tsakanin gidana da gidan Haladu, kuma kowa ya san darnin kara ba ya tare murya. Saboda haka in ana neman wanda ya san mutumin nan ciki da bai, ni ne, ba don na nema ba. Tun muna samari nake fama da shi. Da an sallame sallar asuba, lokacin da duk mai hankali ke komawa ya ɗan miƙe kafin rana ta fito, shi a lokacin yake buɗe baki. Ya ba jakinsa dusa yana waƙa, ya ɗaura masa amalanke yana waƙa, ya wanke fuska yana waƙa, ruwa na shiga bakinsa bai damu ba. Na yi faɗa, na yi gaba da shi, na taɓa jefa masa tsohon takalmi ta kan darni. Ya ɗauka ya yi wa takalmin waƙa, har yara suka riƙa raka ni gona da ita.

Haladu ba maroƙi ba ne. Ba shi da kalangu, ba shi da gurmi, kuma a danginsu ba wanda ya gaji roƙo. Sana'arsa amalanke: ya kai gero kasuwa, ya ɗauko wake, itace, bulo, jarkokin ruwa, wani lokaci mai naƙuda zuwa wurin likita. Waƙa kuwa ciwo ce da aka haife shi da ita, kamar yadda ake haihuwar wani da ƙaiƙayi.

Abin da baƙo ke fara gani a jikinsa fuska ce. In ka tsaya ta damarsa Babarbare ne sak, tsage dogaye tun daga gefen ido har haɓa. In ka zagayo ta hagu kunci ne sumul, ga dogon hanci, sai ka rantse yanzu ya baro shanu a bakin rijiya. Baƙi da yawa sun gaishe shi sau biyu a kasuwa ɗaya.

Ga yadda abin ya samo asali. Ubansa Malam Zubairu mutumin Maijirgi ne, irin Barebarin nan namu da kakanninsu suka zo daga gabas tun ba a san lokacin ba, harshen ya tafi, tsage da fahari suka tsaya. Fataucin kanwa ya kawo shi ƙauyenmu, ya iske wata Bafulatana, Fatsuma, tana sayar da nono. Fulani da Barebari kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Ya ce mata, baiwata, nonon nan rabinsa ruwa ne. Ta ce masa, bawana, kanwar nan rabinta ƙasa ce. Daga ranar ba su daina ba har aure, kuma auren bai sa sun daina ba.

Ranar sunan ɗansu na fari wanzami ya zo da askarsa, ya fara da dama kamar yadda ake fara duk abin kirki. Jariri ya tsandara ihu. Uwa ba ta da bakin magana, ɗan fari ne, ko kallonsa ba ta isa ta yi a gaban mutane ba. Amma yayanta Usman, saurayi ne a lokacin, ya zo daga ruga da ƙwaryar nono. Da ya ga jini bai yi shawara da kowa ba, ya sure jariri ya faɗa cikin gero a guje. Ƙanen uban yaro, Abbas, ya rarumi muciya ya bi shi. Tsofaffin garinmu har yau suna ba da labarin gudun nan, mai jariri na ihu namu ne, mai muciya na ihu namu ne, gero na karyewa. Ba a tsere da mai bin shanu, Usman ya isa ruga. Kafin manya su sasanta a maido yaro kunci ya warke, wanzami kuma ya yi fushi ya ce shi ba ya komawa aikin da aka katse shi. Malam Zubairu ya duba ɗansa ta nan, ya duba ta can, ya yi dariya ya ce rabon ya yi adalci, a bar shi haka. A gari sunan yaro Haladu, a ruga kuma Dikko, sunan da Fulani ke ba ɗan fari.

Uwarsa ba ta taɓa kiran ko ɗaya daga cikin sunayen ba. Kunyar ɗan fari kowa na yi a ƙasar nan, amma ta Inna Fatsuma ta wuce misali. Tun yana ƙarami ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta dubi tukunya ta ce wani bai ci abinci ba. Da ya girma ya fara riƙe jaki, sai ta samu ɗan aike na dindindin. Jakin da ke hannunsa yanzu fari ne, ba ya son rana, ba ya aiki sai da lallashi, shi ya sa Haladu ya raɗa masa suna Bature. Kuma ba ya ɗaga ƙafa sai in ana yi masa waƙa. Tun bayan rasuwar Malam Zubairu Inna na zaune a gidan ɗanta, kullum ina jin su ta darni.

"Bature, ka hwaɗa ma ubangidanka hura na nan cikin ƙwarya."

Haladu na tsaye kusa da ita, har inuwarsu na taɓa juna. "Bature, ka ce an gode."

Jaki ya kaɗa kunne, magana ta isa. Matar Haladu, Zara'u, ta ce da farko abin ya ba ta tsoro, amma yanzu ita ma in ya ɓata mata rai jakin take kai wa ƙara.

Shi wasan dangi yana da doka, kuma dole in faɗe ta don a gane abin da ya biyo baya. Babarbare ya ce wa Bafillace duk abin da ya zo bakinsa, a yi dariya, har a ba shi tukuici. Bafillace ma haka. Ni Bahaushe manomi in na faɗi rabin abin da suke faɗa wa juna, a gaban maigari za mu kwana. Ba maganar ake dubawa ba, bakin da ya faɗe ta ake dubawa, na wane gida ne.

A kasuwar Urafane, wadda ke kusa da mu, Haladu Babarbare ne ɗan Babarbare. In ya sauke kaya sai ya hau amalanke ya juya wa jama'a kuncin dama, ya saki wata murya mai kauri daga can cikin ciki:

Ɗan Hilani na ba shi akushi,
Ya kau da kai ya ce ya ƙoshi,
Na leƙa ɗaki in ɗauko ruwa,
Na iske kwanon ba ko ƙamshi.

Nagge ta yi atishawa, ya kira malam,
Shi ya faɗa rijiya, ya ce: jam.

Nagge saniya ce, jam ɗin nan kuma ita ce lafiya lau ta Fulani. Masu tallan nono su rufe baki da mayafi suna dariya, su cika masa ƙwarya don ya bar su su yi ciniki. Baba Abbas, mai muciyar nan, wanda yanzu ya tsufa a rumfar kanwa, sai ya riƙa kumbura kamar shi ya yi waƙar. Ya ɓare goro ya aika wa Usman, wanda shi ma ya tsufa ya zama Ardo yana zama ƙarƙashin gawo ran kasuwa, ya ce a ba shi ya jiƙa maƙogwaro tunda ba shi da amsa. Ardo ya karɓi goro ya ci, ya haɗiye takaici da shi. Ɗan ƙanwarsa ne, amma ɗa na uba ne, wasa ya halatta.

Abin da tsofaffin nan biyu ba su sani ba shi ne abin da ke faruwa a Gidan Amumune. Kasuwa ce mai nisa, sai an kwana a hanya, kuma ba kullum Haladu ke zuwa ba. Kafin ya shiga gari sai ya tsaya ya naɗa rawani har bisa karan hanci, ya ɗora malafa, ya gitta sanda a kafaɗa. A can ba wanda ya san wani Haladu, Dikko suka sani, mai siririyar murya ta hanci, dodon Barebarin kasuwa:

Babarbare, wa ya yi maka huɗa?
Fuska layi-layi kamar gonar gyaɗa,
Bari ruwa ya sauka in zo in shuka,
Ran da ta nuna mata su yi guɗa.

Yana rera wannan, gonar gyaɗar tana nan ƙarƙashin rawaninsa tana gumi. Ni na san haka da daɗewa, domin da asuba ina jin muryoyin biyu suna amsa wa juna ta darni, mai kauri ta yi, siririya ta rama. Ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban ce ba. Sau ɗaya na tambaye shi mene ne amfanin wahalar nan. Ya ce in ya yi ɗaya ya bar ɗaya, ji yake kamar yana tafiya da takalmi ƙafa guda.

Salula ce ta ɓata lamarin. Ƴan kabu-kabun Gidan Amumune suka ɗauki muryar Dikko, ta riƙa tsalle daga wannan waya zuwa waccan har ta sauka a rugar Ardo Usman. Dikko a ƙasar nan sun fi tumaki yawa, don haka bai kawo komai a ransa ba. Tsohon da ya shekara da shekaru yana cin goron wulaƙanci, ran kasuwa ya sa babbar riga, ya taka har rumfar Baba Abbas, ya ɗora waya bisa tarin kanwa ya sa aka kunna.

"Abbas, bawana, buɗe kunnenka. Mu ma mun yi baki."

Baba Abbas ya saurara har ƙarshe, hannunsa na kai wa kunci ba da saninsa ba. "Wagga muryar sauro? Ɗanmu Haladu in ya yi tari guda ta ɓace."

"A haɗa su."

"A haɗa su. Liman shi zama shaida."

Aka sa rana bayan an gama kai gero rumbu. Baba Abbas ya kira Haladu ya ce mutuncin Barebari na wuyansa. Ardo ya aika Gidan Amumune, saƙo ya iske Dikko cikin rawani, Fulanin can suka kewaye shi suka ce in bai je ba kada ya ƙara shan nonon kowa. Haka mutum ɗaya ya amsa gayyata biyu don ya kara da kansa.

Da yamma ya leƙo ta darni, fuska duk ta faɗa, gefen tsage da gefen da ba tsage.

"Ibrahim, mi za ni yi?"

"Ka ce Dikko ba shi lahiya."

"Sai Baba Abbas shi yi ma Kawu dariya har kabari."

"To ka ce Haladu ne ba shi lahiya."

"Sai Kawu shi yi ma Baba."

"To ka hwaɗi gaskiya mana."

Ya dube ni kamar na ce ya yanka jakin. "In na hwaɗi gaskiya, wa za ya rage mini cikin su biyu?"

Sai na ce ya je ya yi dabara tunda shi ya jawo. Ya kuwa yi, irin dabarar da sai Haladu. Ya sa aka gaya wa Ardo cewa Dikko Bafillace ne na asali, kunya ba ta barinsa ya yi waƙa a gaban manya da fuska a buɗe, sai a bayan zana. Ardo ya ji daɗi har ya sa aka saƙa sabuwar zana ta gamba, aka kafa ta bayan rumfunan masu kanwa. Ga Barebari kuma Haladu ya ce duk in ya gama baiti zai zagaya ya kurkure baki, don shi ba ya tsayawa maganar Fulani ta shiga kunnensa. Baba Abbas ya ce haka ɗan halak yake.

Ranar kasuwar Urafane ta cika har ba masaka tsinke. Haladu ya hau amalanke ya saki mai kauri, Barebari suka yi shewa. Ya diro, ya zagaya bayan rumfuna, can sai siririya ta taso daga bayan zana, Fulani suka ɗaga sanduna. Ya dawo bakinsa da ruwa, ƙirjinsa na hawa da sauka. Mutum ne da ya ba hamsin baya, ga ɗan tumbi, ga rana. A zagaye na gaba ya dawo da takalmi ƙafa guda, Baba Abbas ya ce zafin waƙa ne. Ni ina tsaye ina salati a zuci, domin na ga abin da shi bai gani ba. Cikin ruɗewa ya kwance Bature daga amalanke bai sa masa dabaibayi ba.

Jaki ba ruwansa da Fulani ko Barebari, muryar ubangidansa ya sani, ko da kauri ko siririya. Da ya ji ta a bayan zana sai ya taka a hankali ya bi. Ya isa ya shinshina, ya ji gamba ce sabuwa. Ya ja baki guda, ya tauna. Ya ƙara ja. Dikko na tsakiyar gonar gyaɗa, sai ga kan jaki ya shige cikin zana har wuya, ya girgiza, zana ta kwanta a ƙasa. Ga Haladu a tsugune, rawani ya warware yana lilo a kafaɗa, tsagen dama na sheƙi da gumi, ya matse hanci da yatsu biyu.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Masu nono suka zube kan ƙoransu, Liman ya yi dariya har carbi ya suɓuce masa. Mutum biyu ne kawai ba su yi ba.

Baba Abbas ya miƙe. "Tsagen ubanka ka ce gonar gyaɗa, da bakin Hilani? Ardo, ɗauki kayanka."

"Kayana?" in ji Ardo. "Wanda ya tsufa shina cin mutuncinmu cikin kasuwa, sannan shi koma can shi sha nononmu da sunanmu? Ɗa na uba ne, kowa ya sani. Riƙe abinka."

"Mu ba mu da mai rufe tsagenshi da tsumma. Ba namu ba ne."

"Mu ma ba namu ba ne."

Jama'a suka ci gaba da dariya, an zaci wasan ne ake yi. Liman ya share hawaye ya tambaya cikin raha, to na wane ne? Ba wanda ya amsa. Ya sake tambaya, wannan karon ba raha. Baba Abbas ya dubi kanwarsa, Ardo ya dubi sandarsa. Dariya ta riƙa mutuwa daga gaba zuwa baya, har ya zama ba abin da ake ji sai Bature na tauna zana.

Liman ya ce shi ba shi ya kafa doka ba, ya iske ta ne. Wasa sai da dangi, wanda ba na kowa ba in ya yi, zagi ne. Har sai wani ya ce nasa ne, kada Haladu ya ƙara sa Fulani ko Barebari a waƙa. Haladu ya ce to, ya naɗe rawaninsa ya sa a aljihu, ya ja jakinsa.

Washegari na samu abin da na shekara talatin ina roƙo. Aka sallame asuba, na koma na miƙe, shiru. Na juya dama, na juya hagu, barci ya ce bai san ni ba. Liman waƙar mutum biyu kawai ya hana, amma duk sauran suka ƙafe tare. Ba tsoron Liman ba ne, kalmar nan ce ta ba namu ba ne ta zauna masa a maƙogwaro. Bature ya ƙi tafiya tunda ba waƙa, sai Haladu ya riƙa shiga gaba yana jan igiya, har mutane suka fara tambayar wane ne jakin a cikinsu. Zara'u ta ce tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Da abin ya ishe ni na nemo tsohon takalmi na jefa ta kan darni, na tsaya ina jira. Ya miƙo mini shi da hannu biyu ya ce, ga takalminka, Ibrahim. Ranar na ji tsoro, kuma na ji tausayinsa har na kasa karin kumallo.

Kasuwa ta ci ta sake ci, ba abin da ya canza. Sai wata safiya na ji muryar Inna Fatsuma.

"Bature, yau za ka kai ni Urahwane."

Tsohuwar ta daɗe ba ta taka kasuwa ba. Na sa riga na ce ni ma ina da sayayya, ko da yake ba ni da ita. Muka tafi, ita a kan amalanke ta lulluɓa, Haladu a gaba yana ja, ni a baya ina turawa. Da muka isa ta sa aka tsaya a fili, rumfar Baba Abbas ta nan, gawon Ardo ta can.

"Bature, a kira Liman."

Jaki bai motsa ba. Haladu bai motsa ba. Sai ni na tafi, kuma har yau ban ji daɗin abin da hakan ke nufi ba.

Da Liman ya zo jama'a suka biyo shi. Inna ba ta sauko ba, ba ta dubi kowa ba, ta kafa ido a kan kunnen jaki.

"Bature, ka tambayi Yaya Ardo, wa ya sure jariri ya shiga gero shina ihu namu ne? Ka tambayi Abbas, muciyar wa ya ɗauka ya bi shi? Tawa ce, har yau bai maido ba. Ran da yaron ga ba shi da haƙori sun tattake gonar mutane a kanshi. Yau da ya yi baki, kowa ya ce ba nashi ba."

Wani ya fara dariya ya haɗiye. Baba Abbas ya buɗe baki, ta riga shi.

"Ka hwaɗa ma Abbas, gonar gyaɗa ba yaro ya hwara ba. Ni na ce ma yayanshi haka, ina damun hura shina gyaran gemu. Shi kau ya rama da ta akushi, don na ƙi cin tuwo gaban uwarshi, ta juya baya, shi kau ya shiga ɗaki, na cinye. Haka muka zauna ɗaki guda, shi ce baiwata, in ce bawana, yaro na kwance shina ji. Mai kaurin nan da kuke tahi da ita, muryar Zubairu ce. Siririyar tawa ce. Tun da aka kai shi makwanci, kullum da asuba nike jin shi ta bakin wanga, shina tsokanata ina ramawa. Kun rufe bakin, kun sake kashe mini miji."

Baba Abbas ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa na motsi. Ni kaina na shekara da shekaru ina jin muryar nan ina tsaki, ban taɓa gane ta ba, alhali na san Malam Zubairu.

"Liman ya ce sai wani ya ce nashi ne," in ji Inna. "To Bature, ka ce ma Liman nawa ne. Ni na haihe shi, kuma ban gaji ba."

Liman ya ce shaida ta isa, gadon uwa da uba ba mai hana mutum ci. Ardo ya yi gyaran murya ya ce shi dama bai ce ba nasu ba ne gaba ɗaya, gefen dama yake nufi. Baba Abbas ya share ido da hannun riga ya ce ƙarya ne, shi ya fara cewa nasu ne, tun da muciya. Nan take suka koma jayayya, kowa na ja, kamar ranar suna.

Inna ba ta saurare su ba. Ta ɗauke ido daga kunnen jaki, ta juya a hankali, ta dubi ɗanta a fuska, a gaban duk mutanen Urafane.

"Tashi ka yi waƙa," ta ce.

Haladu ya waiga ya dubi Bature, yana jiran a ba shi saƙo. Da ya gane da shi ake, sai ya tashi. Ya hau amalanke, bai juya dama ba bai juya hagu ba, ya fuskanci jama'a sosai. Ya buɗe baki, sai wata murya ta fito wadda ban taɓa ji ba duk zamanmu, ba kauri ba siranta, ta ɗan dishe, irin wadda yake tambayar farashin dusa da ita:

Dama gonar Baba ce, an yi huɗa,
Hagu makiyayar Inna, ba a taɓa,
Hanci burtali ne a tsakani,
Baki kuwa rijiya ce guda,
Kowa ya zo da gugansa ya ɗiba.

Bai kai ƙarshe da kyau ba, kuka ya ci rabin layin. Bature da ya ji waƙa bayan dogon shiru ya ɗauka umurni ne, ya zabura da amalanke, mawaƙi ya zauna daɓas a kan buhun wake. Aka yi dariya, masu nono na yi suna share ido.

A hanyar gida ba wanda ya ja, ba wanda ya tura. Haladu na waƙa, jaki na sassarfa, ni ina riƙe da gefen amalanke ina addu'a. Inna ta gyara lulluɓinta ta koma kallon kunnen jaki kamar ba abin da ya faru. Ba ta ƙara yi masa magana kai tsaye ba, har yau ɗin nan, kuma shi bai taɓa nema ba. Sai da muka hango rumbunan garinmu ta yi magana.

"Bature, ka hwaɗa mishi a ta akushi ubanshi ba ruwa ya je ɗauka ba, gishiri ne. Shi gyara."

"Bature, ka ce an ji."

Yanzu da asuba murya uku nake ji ta darni maimakon biyu. Na sake yi masa faɗa ranar Juma'ar da ta wuce, ya ce zai rage, bai rage ba.